Doguwar sarƙa: inci nawa zan saya, kuma yaya ake saka ta?

Sabuwar Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana harkar sarƙa ku taimaka mini. Ina son sayen doguwa, irin wadda ke sauka ƙasan ƙirji, sai na ga an rubuta inci 24, inci 30, inci 36, ban san wadda za ta dace da ni ba. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari, ina da wata ta inci 18, a hoto ta sauka sosai a ƙirjin mai tallar, ni kuwa da na saka sai ta tsaya mini a gindin wuya kamar za ta shaƙe ni. Ni gajeriya ce, tsawona santimita 155. Ina kuma son wadda zan iya ninkawa biyu idan na ga dama. Wace zan ɗauka? Sannan me ke sa maɓallin sarƙa ya riƙa zagayowa gaba?

Maƙerin Azurfa:

Wa alaikumus salam. Malama, ba a cuce ki a ta inci 18 ɗin nan ba, tsawonta ke nan. Lambar da ake rubutawa tsawon sarƙa ne idan an kwance ta an miƙe ta a kan tebur, daga wannan baki zuwa wancan, har da maɓallin. Ba ta faɗin inda za ta sauka a jikin mutum. Wannan kuwa kaurin wuya ne ke yanke shi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka inci 18 ya kusa santimita 46. Mai wuya santimita 32 tana da rarar kusan 14, mai wuya 37 rararta ba ta kai 9 ba. Sarƙa ɗaya ce, amma a jikin ta farko za ta sauko ƙasan ƙashin wuya, a ta biyu ta maƙale a ramin maƙogwaro. Masu tallar kaya kuma galibi siraran wuya gare su, shi ya sa hoto ke ruɗar mutane.

Ga yadda 'yan kasuwar ke rarraba tsayi, da sunayen da za ki ci karo da su a jikin kaya. Daga inci 14 zuwa 16, wato santimita 35 zuwa 41, ita ce choka, mai kama wuya. Inci 17 zuwa 19 ana ce mata firinses, kuma ta 18 ita ce aka fi sayarwa da kan sarƙa a jiki. Inci 20 zuwa 24, santimita 51 zuwa 61, matine, tana sauka tsakanin ƙashin wuya da tsakiyar ƙirji. Inci 28 zuwa 36, santimita 71 zuwa 91, ita ce opera, daga ƙasan ƙirji zuwa kusa da cibiya. Abin da ya haura haka ana kiransa igiya, Faransawa kuma su ce sotuwar. Iyakokin ba ƙa'ida ce rubutacciya ba, wani kamfani zai fara opera daga 28, wani daga 30, don haka ki riƙa duba lambar, ki manta da sunan.

Lissafin da ya kamata ki riƙe shi ne, sarƙa gefe biyu take saukowa, saboda haka duk tsawon da aka ƙara, rabinsa ne kike gani a ƙasa. Ƙarin santimita 10 yana saukar da ita kimanin 5 kawai. Tsakanin inci 24 da 30 bambancin saukar bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba, ba 15 ba kamar yadda mutane ke zato.

Kafin ki biya kuɗi, ki yi wannan. Ki samo zare mai ɗan kauri ko igiyar takalmi, da tef ɗin awo na tela. Ki fara auna gindin wuyanki, ba a matse ba, yatsa ɗaya na iya shiga. Sai ki yanke zare uku, santimita 61 da 76 da 91, ki ɗaure bakin kowane, ki maƙala masa abu mai ɗan nauyi kamar zobe ko makulli don ya ja shi ƙasa yadda sarƙa ke yi. Zare ba nauyi yakan kwanta a sama, ya ba ki amsar ƙarya. Ki saka rigar da kike nufin saka sarƙar da ita, ki tsaya gaban madubi mai nuna jiki gaba ɗaya, sannan ki zauna a kujera ki gani. Da yawa ba sa gwada zaman, sai sun sayo su tarar kan sarƙar yana kwanciya a cinya ko yana bugun bakin tebur.

Kar ki manta tsawon kan sarƙar ba ya cikin lissafin. Idan shi kansa santimita 5 ne, da kunnen da ake zura sarƙar a ciki, ki ƙara su a kan inda zaren ya tsaya.

Ita kuma ta 18 ɗin da ke shaƙe ki, ba sai kin ajiye ta ba. Ana sayar da 'yar guntuwar sarƙar ƙari, ta santimita 5 ko 7 ko 10, mai maɓalli a baki ɗaya. Ki nemi mai launi ɗaya da taki, in da hali ƙarfe iri ɗaya.

Mai Tsakiya:

Yaya Maƙeri ya gama da sarƙar ƙarfe. Bari in ƙara a ɓangaren duwatsu da lu'ulu'un teku, don lissafinsu ya ɗan bambanta, sannan in taɓa batun ninkawa.

Ana auna sarƙar duwatsu ne ta layin zaren da ya ratsa tsakiyarsu, amma abin da ke taɓa fata cikin da'irar ne. Duk yadda dutse ya ƙara kauri, cikin yana ƙara tsukewa. Hanyar lissafi mai sauƙi, ki ninka faɗin dutsen sau uku ki cire daga tsawon. Dutse mai milimita 10 yana cinye kimanin santimita 3, mai milimita 16 ya cinye kusan 5. A doguwar sarƙa mai sauka sau ɗaya ba za ki ji wannan ba. Ranar da kika ninka ta biyu ne zai fito, domin kowane zagaye sai ya ci nasa rabon, kuma na ciki yana tura na waje.

To ninkawar. Mutane suna raba 91 gida biyu su samu 45 da rabi, su ce shi ke nan, inci 36 zai ninku. A takarda haka ne. Amma ki tambayi kanki ta ina zagaye na biyu zai shiga. Idan sarƙar ba ta da maɓalli, dole ki zura ta ta kai, ki murɗa, ki sake zura zagaye na biyu ta kai. A lokacin zagayen farko ya riga ya naɗe wuya, abin da ya rage shi ne zai wuce kai. Kan babban mutum yana kai santimita 55 zuwa 58 a zagaye, ban da gashi. Idan wuyanki 34 ne, 91 a cire 34 saura 57, da ƙyar da jan kunne. Idan ya fi haka kauri, ba za ta shiga ba, kuma a wurin wannan ja-in-ja ɗin ne zare ke tsinkewa duwatsu su watse. Shi ya sa, marar maɓalli da ake son ninkawa, kar ta gaza santimita 105. Mai maɓalli kuwa sai a buɗe, a zagaya sau biyu, a rufe a ƙeya, kai bai shigo cikin lissafin ba. Ko marar maɓalli da za a saka sau ɗaya, ƙasa da santimita 60 ba ta wuce kai cikin daɗi, kuma mai yawan gashi ta nemi 65 zuwa sama.

Idan an ninka, zagayen biyu ba sa zama daidai da kansu. Ɗaya yana ja, ɗaya yana tsukewa, kina tafiya na ƙasa yana ƙara tsawo, na sama yana matse wuya, domin nauyin na ƙasa ya fi. Maganin shi ne ɗan zoben maƙalawa mai buɗewa, wanda ake kama layukan biyu da shi a ƙeya ko a gefen wuya, sai su tsaya inda aka sa su. Da wannan zoben ma ana iya ninka marar maɓalli ba tare da an bi ta kai ba. A riƙe sarƙar a ninke, a zagaya ta bayan wuya, a haɗa bakin lanƙwasa biyun da zoben a gaba. Sai dai haka tana gajarta sosai, ta 91 takan koma kamar ta inci 18 mai layi biyu.

Akwai masu ɗaure doguwa ƙulli ɗaya a ƙirji, salon da ya yi tashe a Turai da Amurka a shekarun 1920, lokacin da aka yi yayin riguna masu saukowa a miƙe ba tsuke ƙugu, kuma Coco Chanel, mai zana kayan sawa 'yar Faransa, ta yi suna da jera dogayen igiyoyin lu'ulu'u. Yana da kyau, amma yana son tsawo, daga santimita 115 zuwa sama, don ƙullin kansa yana cin rabo mai yawa. Da ƙananan duwatsu ake yi, milimita 6 zuwa 8, manya ba sa lanƙwasuwa. A yi shi sako-sako, kuma a kwance shi da an cire. In aka bar shi a ɗaure, zaren yana miƙewa a wurin, sai a ga giɓi tsakanin duwatsun. Lu'ulu'un teku na gaske ni ban ba da shawarar ɗaure shi ba. Fatarsa laushi gare ta, ƙarfinta bai wuce 2.5 zuwa 4.5 ba a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs mai hawa goma, gugar juna kawai tana dusashe shi.

Wajen saye ki duba tsakanin duwatsun. Mai kyau ana ƙulla zaren siliki tsakanin kowane dutse da na kusa da shi, don kada su gogi juna, kuma in ta tsinke guda ɗaya ko biyu ne za su faɗi. Doguwa ta fi gajera buƙatar wannan, saboda ita ce ke kamuwa a hannun ƙofa da bakin aljihun tebur. Mai zaren roba mai miƙewa ki bar ta ga abin hannu, nauyin duwatsu ɗari ya fi ƙarfinta. In kika ga ƙullin ya yi baƙi ko dutse yana zamewa gaba da baya a tsakanin ƙulli biyu, lokacin sake shiryawa ya yi.

Sabuwar Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna, wuyana santimita 37 ne. Ashe ke nan ta 36 in na ninka za ta koma kamar wadda nake kuka da ita. Amma wata ta ce mini gajeru ba sa saka doguwar sarƙa, tana ƙara musu gajarta. Haka ne?

Anti Mai Ɗinki:

Ƙanwata, kin gano da kanki. Da wuya 37, ninkin ta 91 zai ba ki zagaye biyu na 45 da rabi, ga su biyu suna cunkushe a wuri ɗaya. In ninki kike so ki nemi inci 42, wato kusan santimita 107, sai ki raba ta 48 da 59, ɗaya a ƙashin wuya ɗaya a saman ƙirji. Matsalar ita ce a tsawonki, 107 in kika sake ta sau ɗaya za ta kai cibiya ko ta wuce. To ki zaɓa, wace saka za ki fi yi? In sakewa ce, ki ɗauki inci 28 ko 30 ki haƙura da ninki. In ninki ne, ki ɗauki 42 ki san cewa kullum a ninke ko a ƙulle za ta fita. Sarƙa ɗaya mai yin duka biyun yadda ya kamata ta fi samuwa ga doguwar mace mai siririn wuya.

Maganar gajeru kuwa ban yarda da ita ba yadda ake faɗinta. Doguwar sarƙa layi biyu take ja daga wuya zuwa ƙasa, ido yana bin su, wannan kuwa ƙara tsawo yake yi. Abin da ke ɓata ta shi ne inda ta tsaya. Duk inda sarƙa ta ƙare, nan ido zai sauka. In ta ƙare a kan ciki, cikin za a kalla. In ta wuce ƙugu, sai ta raba jiki ba daidai ba, sama ya yi tsawo ƙafa ta gajarta. Wuri mafi aminci ga kowa shi ne tsakanin ƙasan ƙirji da yatsa uku sama da cibiya. A jikin mai santimita 170 wannan wurin inci 32 zuwa 36 ne, a jikinki zai faɗo wajen 28 zuwa 30. Zaren da Malam Maƙeri ya ce ki gwada shi zai tabbatar.

Mai cikar ƙirji tana da nata lissafin daban. Sarƙa tana hawa kan ƙirji kafin ta sauka, sai ta rasa tsawo, kuma daga nan ba ta kwanciya a jiki, lilo take yi a iska. Inci 24 zuwa 26 shi ne mafi wahala gare ta, kan sarƙar yana tsayawa daidai tsakiya, ko ya shige cikin riga ko ya karkace gefe ɗaya. Ko dai ta tsaya a 20 zuwa 22, sama da wurin, ko ta tsallake zuwa 30 da kan sarƙa mai nauyi da faɗi wanda ba ya juyawa.

Sai wuyan riga. Ƙa'idar ɗaya ce, sarƙa ko dai ta kwanta gaba ɗaya a kan fata, ko ta sauko sosai a kan yadi. Wadda ke tsayawa daidai bakin wuyan riga ita ce ke shiga tana fita, kina yini kina gyara ta. A bar aƙalla santimita 3 tsakaninsu. Doguwa ta fi kyau a kan riga mai rufaffen wuya, ko mai dogon wuya, ko mai wuyan zagaye da ke sama, kuma yadin ya zama mai launi ɗaya ko mai ƙaramin zane. A kan yadi mai manyan furanni ko aiki a ƙirji siririyar sarƙa ɓacewa take yi, mai kauri kuma ta yi faɗa da aikin. Riga mai maɓallai a gaba, sarƙar ta bi ƙarƙashin kwala. Leshi da saƙaƙƙen kaya suna kama sarƙa mai ƙananan ƙugiyoyi ko kan sarƙa mai tsini, zare ɗaya ya ja, rigar ta lalace. Ki shafa bayan kan sarƙar da yatsa kafin ki saya, in ya karce ki zai karce yadi.

Da doguwa a wuya, ɗan kunne ya zama ƙarami. Wannan ra'ayina ne, ba doka ba.

Maƙerin Azurfa:

Na manta ban amsa batun maɓalli ba. Sarƙa kamar igiya ce a kan gargare, ɓangaren da ya fi nauyi shi ke gangarowa ƙasa. In maɓallin ya fi duk abin da ke gaba nauyi, duk motsin wuya yana matso da shi kaɗan-kaɗan har ya iso ƙirji. Kan sarƙa mai zamewa a jikin sarƙar ba ya hana wannan, don shi yana zaune a ƙasa ne, sarƙar tana wucewa ta cikin kunnensa. Gyara iri biyu ne. Ko a sauya maɓallin da ƙarami marar nauyi, ko maƙeri ya yanke sarƙar a tsakiya ya liƙa kan a jikinta ta gefe biyu, sai ya zama ba ta iya juyawa. Akwai masu rataya ɗan dutse a ƙeya wai ya daidaita nauyi. Yana aiki ne kawai in dutsen ya sauka bayan wuya sosai yana ja ta baya. In ɗan guntu ne, nauyi kika ƙara wa maɓallin, zai ma fi saurin zagayowa.

Game da ƙarfi, doguwa tana shan wahalar da gajera ba ta sha, don haka kar ki sayi siririya kamar gashi. Daga inci 28 zuwa sama, kaurin kar ya gaza milimita 1.5, in da kan sarƙa mai nauyi 2. Abin da muke bi a aiki shi ne kada kan ya fi sarƙar kanta nauyi. Ki tambaya ko cikinta a cike yake ko rami ne. Mai rami tana da girma a ido ba nauyi a hannu, tana loɓawa, kuma gyaranta da wuya saboda bangonta siriri ne, wuta na cinye shi. Ki sani kuma nauyi yana bin tsawo kai tsaye, wadda ta yi giram 5 a santimita 45 za ta yi 10 a 90, in kuma aka ninka kaurin, nauyin yana kusan ninkuwa huɗu. In an ba ki doguwa mai kauri amma ba nauyi, kin san dalili.

Saƙar ma da bambanci. Mai zobe cikin zobe, ko mai murɗi kamar igiya, ko mai 'yan akwatuna, duk suna lanƙwasuwa ta kowane gefe, kuma in zobe ɗaya ya buɗe ana gyara shi. Mai santsi kamar jikin maciji da shimfiɗaɗɗiya mai faɗi ba su dace da ninki ko ƙulli ba ko kaɗan. Da sun karye a wuri ɗaya tabon ba ya fita.

Wurin da sarƙa ta fi tsinkewa shi ne ɗan zoben da ke haɗa ta da maɓalli. Ki duba shi da kyau, in kin ga tsaga a jikinsa ba a liƙe yake ba, matse shi kawai aka yi, ki sa a liƙe miki. Maɓalli mai kama da ƙugiya da ɗan harshe ya fi mai zagaye riƙe nauyi, don sifirin ɗin mai zagayen ƙarami ne, yana saurin mutuwa. Na maganaɗisu yana da daɗin sakawa, amma fizga ɗaya ya buɗe, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya nisance shi. Ki duba hatimi kusa da maɓallin, 925 azurfa ce, 585 zinare karat 14, 750 karat 18, 916 karat 22. Karat mai yawa ya fi laushi, siririyar doguwa ta 22 zobbanta suna miƙewa da sauri. Mai ruwan gwal kuwa, a doguwa ruwan ya fi saurin gogewa a ƙasa, inda take gugar riga da tebur.

Mai Tsakiya:

Tunda kina da ta 18, wataƙila za ki so haɗa su. Ki bar aƙalla santimita 5 tsakanin kowace da mai bi mata, 10 ya fi, misali 46 da 56 da 76. Sirara biyu masu saƙa iri ɗaya su ne ke harɗewa, don haka ki bambanta kauri, mai nauyi a ƙasa. Akwai mahaɗi mai layi biyu ko uku da ake maƙala su duka a jiki, ya raba su a ƙeya. Ki fara saka gajerar.

A ajiya, ki rufe maɓallin tukuna, yawancin ƙulli daga sakakken baki yake farawa. Ta ƙarfe a rataye ta. Ta zaren siliki a kwantar da ita, ratayewa na miƙar da zaren. A tafiya, ki zura rabin siririyar ta cikin bututun shan lemo ki rufe. In ta riga ta cukurkuɗe kar ki ja. Ki shimfiɗa ta a kan faranti, ki ɗiga ɗigo ɗaya na mai a ƙullin, ki sa allura biyu ki riƙa buɗa tsakiyarsa a hankali, sannan ki wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu ki shanya. Wannan na ƙarfe ne kaɗai, mai yana ɓata zare.

Turare da man shafawa su riga sarƙa hawa jiki, su bushe. Kuma ki cire doguwa kafin barci, da lokacin ɗaukar jariri, da kusa da duk injin da ke juyawa, har da keken ɗinki. A mota ki ɗora ta a saman bel, kada bel ɗin ya danne ta a ƙirji.